Karatun Baba Hamidu a Damagaram

Shekarar da aka yanke mu daga Kano aka ce mun zama 'yan Jigawa, a cikinta na yi tafiya mafi nisa a rayuwata. Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. In na zauna a kasuwar Gwaram sai wani ya ce, "Malam Idi, wai da gaske ne burodinsu ya kai tsawon sanda?" In na je ɗaurin aure sai a ce in ba da labarin ranar da Baba Hamidu ya yi karatu a gaban farfesoshi. Kowa da gutsuren da ya ji, wasu ma sun ƙara gishiri. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi da hannuna, a hankali, yadda ya faru.

Mu mutanen Kwandiko ne, noma muka gada. A kakar da ta gabaci wannan shekara aka buɗe mana ajin yaƙi da jahilci a zauren mai unguwa. Malaminmu shi ne Malam Yohanna, Kirista ne daga kudancin Bauchi, mutum mai sanyin hali da bai taɓa ɗaga wa ɗayanmu murya ba, ko da ka riƙe littafi a juye. Muka yi rani guda muna fama har muka gama littafin farko. Da ruwa ya sauka aka rufe aji kowa ya ɗauki fartanya, a kan cewa bayan girbi za a buɗe mana aji na biyu.

To, damina ta yi mana ɓarna. Mutum ya fita da asuba ya dawo da magariba a gajiye, kuma duk garin babu abin karantawa sai littafin nan guda da rubutun jikin buhun taki. Da muka kai amfanin gona gida na buɗe littafina, sai baƙaƙen suka zame mini kamar mutanen da ka sani a fuska amma sunansu ya kwanta maka. Ban gaya wa kowa ba. Ashe kowa haka ya yi shiru da nasa.

Ana cikin haka sai Hajiya Rakiya ta zo. Dakta ce a jami'a, 'yar Birnin Kudu, ta saba zuwa ajinmu ta zauna daga baya da 'yar rikodarta tana sauraro. Ta ce mana aji na biyu ba shi da tabbas: manya suna sake shawara, ko a ci gaba da mu, ko a rufe a ɗauke Malam Yohanna. Ta ce za a yi taron malaman jami'a na Najeriya da Nijar a Damagaram, mutanen Dutse da masu ba da tallafi za su je su saurara, kuma tana son malaminmu da ɗalibai biyu.

Aji ya zaɓi Baba Hamidu don shi ne babbanmu. Jikan Fulani ne, amma Fulatancin da ya rage masa na yi wa shanu faɗa ne kawai. Ya yi allo tun yana ƙarami, kansa kuwa in abu ya shiga ba ya fita. Ni kuma aka zaɓe ni wai don ba na saurin fushi.

Na ce mata, "Hajiya, in mun je me za mu ce?"

Ta ce, "Abin da aka tambaye ku, ku faɗi gaskiyarsa. Ba zan ƙara muku komai a kan haka ba, Malam Idi. A aikinmu, in ka sa wa mai shaida magana a baki, shaidar ta lalace."

Da ta tafi Baba Hamidu ya ce, "Ai magana a fili take. Ɗalibin da ya iya shi ake ƙara wa karatu. Mu je mu nuna musu Malam bai yi aikin banza ba." Duk muka yarda da haka, har ni. Da wannan tunani muka ɗaura jaka.

Daga Kwandiko muka hau a-kori-kura a kan buhunan gero zuwa Gwaram, daga nan muka sami bas zuwa Birnin Kudu. A gidan mahaifin Hajiya muka kwana. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar taushe, Baba ya ci ya yi gyatsa ya ce, "In haka boko yake, me ya sa iyayenmu suka ɓoye mu a rumbu?" Mahaifinta, tsohon malamin gona, ya yi dariya har da tari.

Da safe muka shiga motar jami'a, direbanta Malam Garba, mutum mai surutu. Muka tsaya a Dutse karɓar takardar tafiya. Ni da na san Dutse tana ƙaramin gari, sai na ga ta cika da mutane masu manyan riguna suna neman ɗakin haya. Ofishin da muka je shago ne aka fitar da kayan ciki, rabin ma'aikatan suna gindin bishiya da teburansu, sun danne takardu da duwatsu. A nan muka gaisa da wani Alhaji, jami'in da ke kula da azuzuwan manya, shi ma zai je taron a tasa motar. Ya kama hannun Baba da hannu biyu ya ce, "Baba, ku fitar da sabuwar jiha kunya." Baba ya ce in Allah ya yarda.

Bayan mun wuce Jahun taya ta yi faci. Muka fito, Malam Garba ya shiga ƙarƙashin mota yana ba mu labarin duk tayar da ta taɓa fashe masa tun yana yaron mota. Da muka koma ciki sai muka tarar goran furar Baba ya kife a kan takardun bango da Malam Yohanna ya kwana biyu yana zanawa don nunawa a taro. Baba ya rasa inda zai sa kansa. Malam Yohanna ya ɗaga takarda ɗaya, nono yana ɗiga, ya ce, "Ba komai, Baba. Yanzu ko ƙuda ma za su zo karatu." Muka shanya su a bayan mota, har Gumel muna jin tsami.

Duk tsawon hanyar nan Baba yana riƙe da littafinsa a buɗe a wuri guda, darasin haƙa rijiya da yi mata murfi, bakinsa yana motsi. Na ɗauka bita yake yi.

A Maigatari muka kusa rasa shi. Mun tsaya salla, sai ya hango shanu ya bi su. Da ƙyar na same shi a tsakiyar kara yana buɗe bakin wani bijimi yana gardama da mai shi a kan shekarunsa. Na ce, "Baba, ana jiranmu." Ya ce, "Kai ka san abin da ake kira saniya kuwa? Irin waɗannan mu a Gwaram sai dai a mafarki."

Ɓangarenmu na kan iyaka ba a tsayar da mu da yawa ba. Da muka shiga na Nijar sai jandarma ya ce kowa ya sauko ya sa sunansa a babban littafi. Saurayi ne siriri mai ladabi, Hausarsa kamar tamu, sai dai ya jefa Faransanci a tsakiya. Na karɓi biro na rubuta nawa, da ƙyar dai ya fita. Baba ya karɓa. Ya sa biro a kan takarda, ya yi baƙi ɗaya, ya tsaya. Ya ɗaga kai ya kalli rufin ɗakin, ya sake kallon takardar. Layi ya taru a bayanmu. Can sai jandarma ya ce a hankali, "Baba, kawo yatsa," ya tura masa tawada. Baba ya dangwala.

Hajiya tana tsaye a gefe, ta gani. Malam Yohanna kuwa sai ya shiga gyara igiyar takalminsa. Da muka koma mota Baba ya ce, "Biron Faransa ne, ba ya jin hannuna." Malam Garba ya ce, "Ai haka suke, Baba, ni ma sitiyarinsu ba ya jin nawa." Aka yi dariya, magana ta wuce.

Daga nan hanya ta zama rairayi. Sau biyu muna fita tura mota, har Hajiya ta tattare mayafi ta sa hannu. Rana ta yi sanyi muka shiga Damagaram.

An sauke mu a makarantar horon malamai, ɗalibai suna hutu. Gadajen ƙarfe ne wani a kan wani. Baba ya kalli na sama ya ce shi bai taɓa kwana a kan mutum ba kuma ba zai fara a ƙasar wasu ba, ya shimfiɗa buzunsa a ƙasa. Ruwa kuwa bokiti ɗaya aka ba kowa, wanka da alwala da wanki duk a ciki. Mu da muke ƙorafin rijiyarmu ta yi zurfi, ranar na yi mata godiya daga nesa.

Mai dafa abincin makarantar Babarbare ne, Malam Bukar. Yana ganin Baba ya ajiye ludayi ya ce, "Tun daga ƙofa nake jin warin nono. Wa ya kawo mini bawana har gida?"

Baba ya ce, "Innalillahi! Babarbare aka ba tukunya? Idi, yi wasiyya, yau kanwa za ta kashe mu."

"Ci ka yi shiru, Bafillace. Yaushe rabonka da ganin nama a kwano?"

Daga ranar suka zama kamar 'yan uwa. Kullum Baba ne yake samun ƙashi mai ɓargo.

Burodin da ake tambayata, gaskiya ne, dogo ne kamar sanda, bayansa da tauri, cikinsa da laushi. A hammata suke ɗaukarsa ba leda. Baba ya gwada da haƙoransa uku ya ce a ba shi gatari. Shayinsu a 'yan ƙananan kofunan gilashi ne, sau uku ake zubawa, na farko ɗaci kamar magani, in ka tashi kafin na uku ka yi rashin ladabi. Suna cin kwaɗon zogale kamar mu, amma su har manyan ma'aikata suna saye a bakin ofis ba kunya. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, da rana ta take sai gari ya mutu, ofis da kanti duk a rufe, kowa ya je ya kwanta, sai la'asar ta kusa a sake buɗewa. Ko'ina muka shiga kuma sai a ce, "Ga Kanawa, a ɓoye kaya." In na ce ai mu yanzu 'yan Jigawa ne, sai su ce, "Riga kuka canza, Bakano yana ciki."

Taron a babban ɗakin makarantar aka yi. Mu aka ba mu kujeru a gefe. Ana magana da Hausa da Turanci da Faransanci, da tafinta biyu suna juyawa. Ban taɓa sanin masu ilimi suna musu haka ba. Na ɗauka in mutum ya zama farfesa ya gama sanin amsa. Ashe su ma kamar dattawan bakin masallaci suke, sai dai su kowa da tarin takardu a gabansa.

Da farko suka yi ta ja a kan harshen da za a fara koya wa yara karatu. Wani ya ce da Hausa, don yaro ya fahimci abin da yake faɗa. Wata ta ce ta ga iyaye suna cire 'ya'yansu daga irin wannan makaranta, suna cewa Hausa ai a gida ma ana yi, Turanci suka kawo a koya. Wani dogo daga Yamai ya tashi ya ce jarrabawar da ake yi wa yara hadda take aunawa ba fahimta ba, aka yi masa ca. Baba dai tun ana rabin wannan ya fara gyangyaɗi.

Sai aka zo kan karatun manya, na gyara zama. Wani dattijo mai furfura, Farfesa Abdu, ya tashi. Ya ce malaman manya kaɗan ne, garuruwa kuwa da yawa. Ya ce akwai ƙauyukan da babu mutum ɗaya da zai karanta rubutun jikin kwalbar magani. Ya ce, "Wanda aka koya wa littafin farko an ba shi mabuɗi, sauran ya ƙarasa da kansa. Adalci shi ne a ɗauki malamin a kai shi inda ba a taɓa kafa allo ba." Ya yi maganar da tausayi, ba da izgili ba, har na ji ina gyaɗa kai.

Hajiya Rakiya ta tashi ta ce ba haka ba ne. Ta ce babba ba kamar yaro ba ne, yana da gona da iyali, in aka koya masa rani guda aka tafi, kafin damina biyu ya koma inda ya fito. Ta ce, "Sai a rubuta an koyar da gari kaza da gari kaza, a koma bayan shekara uku a tarar ba kowa. Gara a tsaya a wuri guda har karatun ya kama ƙasa."

Farfesa ya ce, "Dakta, abin da kika karanto na wasu ƙasashe ne. A nan ina shaidarki?"

Ta ce, "Na zo da mutum biyu da suka yi damina guda ba aji. Ban gaya musu abin da za su ce ba. Gobe ku tambaye su da kanku."

Sai a lokacin na gane mun fahimci abin a juye. Ba iyawarmu aka kawo mu mu nuna ba, mantuwarmu ce shaidar. In muka ce mun manta, aji ya tsira. In muka nuna mun iya, an ɗauke Malam.

Da aka tashi cin abinci na ja Baba da Malam Yohanna gindin wata dalbejiya, na warware musu yadda na ji. Baba ya saurara har na gama, sannan ya ajiye kwanonsa.

Ya ce, "Wato so kake in tashi a gaban baƙi, a ƙasar mutane, in ce bawan Allahn nan ya yi rani guda yana shan rana a kan keke, kuma ba abin da ya zauna a kaina?"

Na ce, "Baba, ba laifinsa za a gani ba. Damina ce."

"Su za su ce damina? Cewa za su yi malamin bai iya ba. Ga Alhajin Dutse a zaune, shi ke da wuƙa da nama a kan aikinsa."

Malam Yohanna ya ce, "Baba, kada ka duba ni. Abin da yake akwai shi za ka faɗa."

Baba ya kalle shi ya yi murmushi ya ce, "Ka ji ko, Idi? Irin kunyarsa ke nan. Mutum kamar wannan ne za a tozarta?" Ya juyo gare ni. "Mu a gidanmu, ko tuwon da aka ba ka ba gishiri, in baƙo ya tambaye ka sai ka ce ya yi daɗi. Gyara a cikin gida ake yinsa."

Na ce to mu je wajen Hajiya ta yi masa bayani. Muka same ta, ta saurare ni. Na ga tana so ta yi magana. Daga ƙarshe ta ce, "Na riga na faɗa a gaban mutane ban sa muku magana a baki ba. Ba zan zama maƙaryaciya ba. Baba, gaskiya kawai." Baba ya ce, "Shi ke nan, Hajiya, kwantar da hankalinki."

Washegari aka kira mu gaba. Baba ya sa farar rigarsa ta salla. Shugaban zama ya gaishe shi da girmamawa, ya ce, "Baba, bayan damina, karatun yana nan ko ya ɗan gudu?"

Baba ya ce, "Alhamdu lillahi. Abin da Malam ya zuba mana yana nan daram. Allah ya saka masa da alheri."

"Za ka ɗan karanta mana?"

Baba ya zaro littafi daga aljihu, ya buɗe darasin rijiya, ya ɗora yatsa, ya fara. Jama'a, ban taɓa jin karatu mai daɗi irin wannan ba. Murya a sake, ba tuntuɓe, inda ya kamata a tsaya ya tsaya, har da ɗan rausaya irin na masu tilawa. Ɗaki ya yi tsit. Ni da nake tsaye a kafaɗarsa ni kaɗai nake ganin yatsan: ya riga ya kai ƙarshen shafi tun bakin yana da sauran layi biyu, sai ya tsaya a nan yana jiran baki ya iso.

Da ya gama aka ɗauki tafi. Alhajin Dutse har da miƙewa. Malam Bukar ya leƙo ta taga da ludayinsa yana cewa, "Kai, Bafillacen nan ya ci abincina ya yi kai!"

Sai Hajiya ta tashi. A hannunta akwai jaridar Hausa a naɗe. Na san abin da za ta yi: ta miƙa masa ta ce ya karanta layi ɗaya da bai taɓa gani ba, magana ta ƙare. Ta tako har gabansa. Baba ya ɗago ya kalle ta, fuskarsa cike da murna, yana jiran ta yaba. Ta tsaya. Ta kalli jaridar, ta kalli farar rigarsa, ta kalli ɗakin da ya cika da baƙi. Sai ta ce, "Sannu, Baba. Allah ya ƙara lafiya." Ta koma ta zauna, ta sa jaridar a jaka.

Shugaba ya ce, "Kai fa, Malam?"

Ba zan ƙaryata dattijo yana tsaye a gefena ba, kuma ba zan yi ƙarya ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni dai nawa ya ragu ƙwarai. Da yawa sun gudu. Muna bukatar Malam ya dawo." Aka yi dariya mai daɗi. Wani ya ce, "Tawali'u ne, ba ya so ya yi gasa da babansa." Aka ce mu zauna, lokaci ya ƙure.

Da aka tashi Farfesa Abdu ya zo ya durƙusa ya gaida Baba. Ya ce mahaifiyarsa har ta rasu ba ta iya karanta wasiƙarsa ba, shi ya sa yake so allo ya kai kowane ƙauye kafin ya mutu. Idonsa ya kawo ruwa. Ban iya jin haushinsa ba, har yau kuma ban ji ba.

A hanyar dawowa motar ta yi shiru, har Malam Garba. Malam Bukar ya cika wa Baba jaka da cuku da kilishi, ya ce wai kada bawansa ya mutu a hanya. Mun wuce rairayin nan mun shigo ƙasarmu sai Baba ya ce, "Hajiya, na fitar da ku kunya ko?"

Ta kalli taga. Ta ce, "Ka fitar, Baba."

Ya ce, "To alhamdu lillahi," ya jingina ya yi barci.

Ba a buɗe mana aji na biyu ba. Kafin rani ya tsaya aka mai da Malam Yohanna ƙauyen Zandam ya buɗe sabon aji, tare da takardar yabo. Ba zan rantse cewa karatun Baba ne ya jawo ba. Hajiya ta ce mini tun kafin taron ma'aunin ya riga ya karkata, ta kuma rubuta musu abin da ta gani a kan iyaka, amma abin da mutum ya ji da kunnensa a ɗaki cike da tafi ya fi takarda ƙarfi. Mutanen Zandam kuwa sun yi murna, kuma sun cancanta, don su ma mutane ne kamarmu. Ni ranakun aji nakan hau keke in je in zauna a bayan sababbin ɗalibai, in an tashi Malam ya ba ni tsohuwar jarida in taho da ita. Da haka nawa ya tsaya. Ba kowa ke da keke ba, ba kowa ke da sarari ba.

Kafin in fara rubutun nan sai da na je wajen Baba neman izini, don sirrinsa ne. Na tarar yana yi wa maraƙi igiya. Na gaya masa zan rubuta har da maganar yatsa. Ya ɗago ya kalle ni. Sannan ya ce, "Da ka gani ashe." Na ce na gani. Ya ce, "Ko yau aka mai da ni ɗakin nan, abin da zan faɗa ke nan. Amma ajin ya yi mini ciwo, Idi." Ya ja igiyar ya ɗaure. "Rubuta abinka. Ai ni ba iya karantawa zan yi ba."

A makon da ya wuce na ɗauki guntun jarida na bi 'yan ajinmu gida gida. Mu ashirin da huɗu muka gama littafin farko. Biyu sun rasu, ɗaya ya koma Legas ban same shi ba. Huɗu muna iya karatu. Biyar suna iya rubuta sunansu, ba ƙari. Goma sha biyu ba abin da ya rage musu.